Yadda ake cewa wani ya fi wani da Turanci

Fara duba tsawon siffar tukuna. In gajera ce mai gaɓa ɗaya kawai liƙa mata er a ƙarshe, tall ta koma taller, sai than ta biyo baya: Kano is bigger than Zaria, lura fa an ninka g ɗin big. Mai ƙarewa da y irin easy kuma sai ta zama easier. Doguwa kamar expensive ba ruwanta da er, more ake sawa kafin ta. Good da bad kuwa 'yan tawaye ne, better da worse, sai dai hadda. Don Allah kar ka haɗa biyun ka rubuta more better a WAEC, wallahi maki zai tafi a banza.