Yadda ake haɗa wa batirin babur cajar riƙo

Ɗan acaɓan da ke kai-komo tsakanin Tashar Dukku da Pantami tun safe har dare ba ya bukatar cajar riƙo, wato ƙaramar cajar da ake barin ta haɗe da batir don kada ya sauka, domin injinsa yana cika masa batir a kan hanya. Mai bukatarta shi ne wanda zai jingine babur na makonni, kamar maniyyacin da zai yi sama da wata guda a Saudiyya, ko ma'aikacin da ya sayi mota ya bar babur a zaure. Batir mai ruwan asid yana sauka ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana hanzarta saukar, ga shi a Gombe zafin Maris da Afrilu yakan kai kusan digiri 40. Idan ya daɗe a sauke, wani gishiri yakan daskare a jikin farantan dalmar da ke cikinsa, daga nan ko an yi masa caji ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba.

Cajar riƙo ta bambanta da babbar cajar masu cajin batirin mota. Ita tana ba da wuta kaɗan, amfiya ɗaya ko ƙasa da haka, har batir ya kai wajen bolt 14.4, sannan ta sauko da kanta ta tsaya tsakanin 13.2 da 13.8. Wannan ya dace da batirin Boxer ko Jincheng, wanda ƙarami ne, babbar caja kuwa tana iya ƙone masa ruwa.

Tun wajen saye za a fara lura. A karanta jikin na'urar a tabbatar tana karɓar wutar bolt 220 zuwa 240, saboda wasu cajojin gwanjo don kasuwar Amurka aka ƙera su, inda wutar gida take 120, kuma ana jona su a soket ɗinmu za su ƙone. A tabbatar ta batir mai bolt 12 ce, sannan idan batirin na litiyom ne, sai an nemi wadda aka rubuta ta dace da shi. A ganina wadda take ci gaba da aiki da kanta idan an dawo da wuta ita ta fi dacewa da mu, don ba wanda zai tsare ta yana jiran NEPA.

Sai a kashe babur a zare makulli, a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu da jarkar fetur, domin batirin da ke caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. A buɗe murfin gefe ko a ɗaga kujera, a goge kawunan batirin idan sun yi fari-fari. Idan mai ruwa ne, a duba ko ruwan yana tsakanin layuka biyun da ke jikinsa, in ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Wanda yake da mitar auna bolt ya auna: cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6, wanda ya faɗi ƙasa sosai kuwa wasu cajojin ba sa ma gane shi, sai an kai wa rewaya ya tayar da shi tukuna.

Wajen haɗawa, kada a jona cajar a soket sai an gama da batir. Jan maƙali ne na farko, a kan da ke da alamar +, sannan baƙin a kan mai alamar −, ko a wani ƙarfe marar fenti a jikin injin, nesa da tanki da kafireto. Bayan an girgiza su an ga sun kama, sai a jona a kunna. Fitilar cajar za ta nuna tana aiki, yawanci ja ko ruwan ɗorawa, ta koma kore idan batir ya cika, a nan kuma za a bar ta. Wajen cirewa a bi ta baya: soket, baƙi, sannan ja.

Wanda zai riƙa amfani da ita a kai a kai gara ya ɗaura gajeriyar wayar nan mai zobba biyu da fiyus wadda takan zo a kwalin. A kwance baƙin kan batir, wato mai alamar −, tukuna, domin idan sifana ta taɓa jikin babur ana aiki a kan mai alamar + alhali baƙin yana haɗe, tartsatsi za a gani. A ɗaura zoben ja, a mayar da baƙi tare da nasa zoben, a ɗaure wayar nesa da salansa da sarƙa, a rufe bakinta, inda ake jona cajar, da marfin robarsa saboda ƙurar hunturu. Inda wuta ba ta zama, ƙaramin farantin sola mai wat 5 zuwa 10 yana yin aikin, muddin an haɗa shi da na'urar daidaita caji. Ko da wace aka yi amfani, a leƙa batirin sau ɗaya a wata, idan an ji ya yi zafi ko ya kumbura a cire cajar nan take.