Babi na 4: Lambu a Cikin Buhu

Yawancinku da ke zuwa ajin nan iyaye ne. Maigida ya fita tun da sassafe, uwargida na fama da girki da wanki, ga goyo, ga 'yar sana'a. Idan na ce lambu sai ku ce ina fili, ina lokaci. To buhu ɗaya ya isa a fara, kuma minti 10 a rana sun wadatar. Ku karanta a hankali. Inda kalma ta gagara, ku tsaya ku sake.

Darasi na 1: Haɗa buhu

Ku nemi tsohon buhun shinkafa ko na masara. Ku ɗauki ƙusa ku huda gindinsa wuri 10 ko fiye, domin ruwan da ya yi yawa ya sami hanyar fita. Sai ku auna ƙasa bokiti 2, taki bokiti 1, ku cuɗa su sosai a ƙasa kafin ku zuba a buhu. Takin da nake nufi shi ne kashin akuya ko na tumaki ko na shanu wanda ya bushe ya daɗe, har yana marmashewa a hannu. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, musamman na kaji. Ku naɗe bakin buhun, ku ajiye shi inda rana za ta same shi wajen awa 6.

Darasi na 2: Shuka alayyahu

Da alayyahu za mu fara, don ba ya ba da wahala kuma ba ya sa mutum dogon jira. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi. Ku ɗebi kaɗan da yatsu uku, ku gauraya da yashi cikin tafin hannu, ku barbaɗa a kan ƙasar buhun. Kada ku haƙa rami. Ku yayyafa ƙasa sama-sama kawai, sannan ku yayyafa ruwa da hannu. Cikin kwana 4 zuwa 7 za ku ga tsiro. Ranar nan ku kira yara su gani. Wata ɗalibata ta ce autanta ya ƙi tafiya makaranta sai da ya ƙirga tsiron ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na 3: Ban ruwa

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe. Shukar buhu ta fi mutuwa da yawan ruwa a kan ƙishi.

Kafin ku zuba ruwa, ku tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Gaɓa ita ce inda yatsa ke lanƙwashewa. Ku zaro. Idan ƙasa ta manne a yatsa, da sanyi-sanyi, akwai ruwa, kada ku zuba. Idan yatsa ya fito a bushe, ku zuba. Shi ke nan. A sake: yatsa tukuna, ruwa daga baya.

Lokacin zubawa da safe ne ko bayan la'asar. Da rana tsaka za ku ga ganye ya langaɓe, zuciyarku ta ce ƙishi yake ji. Ku tura yatsa. Sau da yawa zafi ne kawai, da yamma zai miƙe abinsa.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta zo mini ranta a ɓace, alayyahunta ya yi rawaya, ƙasar har tana wari. Da muka bincika, ashe ita tana zubawa bayan sallar asuba, maigida yana juye ragowar ruwan buta kafin ya fita, yara biyu kuma kowa na zuba nasa in an taso daga Islamiyya. Kowa da kyakkyawar niyya. Na ce mata, "Yaya, wa ya taɓa ƙasar a cikinku?" Ta yi shiru. Saboda haka a ware mutum ɗaya a gida, shi ne mai ban ruwa, kuma shi ma sai ya tura yatsa.

Aikin rubutu: ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe, ku liƙa a bango kusa da buhun: TAƁA KAFIN KA ZUBA. Wanda hannunsa ke rawa ya rubuta sau uku, na ukun zai fi kyau. Da sannu ake ƙwarewa.

Amma zan faɗa muku gaskiya. Na maimaita wannan a aji har muryata ta dushe, duk da haka mako na zagayowa sai wani ya zo ya ce iri ne ba shi da kyau. Irin lafiyarsa ƙalau, Malam. Ba ka tura yatsa ba ne. Abin da ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, me zai hana a yi shi? Ruwan wankin shinkafa yana da kyau, ruwan sabulu kuwa kada ya kusanci buhun. Da damina, in an yi ruwan sama, ba sai an ƙara ba. Ko a nan ma, yatsa ne zai faɗa muku.

Darasi na 4: Akuya da kaji

Akuya za ta cinye aikin wata guda kafin ku idar da sallah. Ku kewaye buhun da kara ko ƙaya, ko ku ɗora shi a kan bulo inda kaji ba sa kaiwa.

Darasi na 5: Yanka

Bayan mako 3 zuwa 4 alayyahu ya isa miya. Ku yanka da wuƙa, ku bar tsawon tafin hannu daga ƙasa, zai sake tohowa. Idan kun ga tsutsa a ganye ku cire da hannu, ku barbaɗa toka kaɗan.