Sukar shugabanni: inda ake zamewa a faɗa ɓatanci

Sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma sashe na 45 ya halatta taƙaita shi don kare haƙƙin wasu. Ta wannan ƙofa ake cafke masu aiko da rahoto daga ƙauyuka da masu shafukan ƙananan hukumomi.

Babban kuskure shi ne fakewa da "wai". Mutum ya ji a majalisar mai shayi cewa ciyaman ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse, sai ya ɗora a Facebook, ya sa "wai" a gaba, ya ɗauka ya tsira. A gaban alƙali, wanda ya yaɗa yana da laifinsa ko da ba shi ya ƙirƙira ba, kuma sashe na 392 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, ya tanadi ɗauri har na shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Gyaran yana buƙatar tattaki. Ka je wurin, ka ɗauki hoton rijiyar da allon kwangilar, ka rubuta ranar, ka ji ta bakin mai unguwa da mutum biyu da ba 'yan jam'iyya ɗaya ba. Sannan ka kira wanda ake zargi, ka tura masa tambayar a rubuce, ka ajiye saƙon. In ya yi shiru, ka faɗi ranar da ka neme shi. "Rijiyar ba ta ba da ruwa" abu ne da hoto zai tabbatar. "Ɓarawo ne" kuwa sai da hujjar da za ta tsaya a kotu.

Haka gayyatar EFCC, hukumar yaƙi da almundahanar kuɗi: bincike ce, ba hukunci ba.

A rediyo, mai gabatarwa kan bar sojojin baka su yi ta yanka, yana ganin bakin baƙo ne zai amsa. Amma tasha ce hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ke tuhuma. A naɗi shirin tukuna, a saurara, a yanke zagin iyaye da asali.

Mafi haɗari shi ne taɓa iyali. Jifan mutum da zina ba tare da shaidu 4 ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80, kuma Kano da Jigawa duk suna da kotunan shari'ar Musulunci. In labari ya riga ya fita da kuskure, goge shi bai isa ba, don an riga an ɗauki hotonsa an zuba a WhatsApp. A janye shi a shafin da ya fito, ko a shirin da aka faɗe shi, da sunan wanda aka taɓa.