Darasi na Tara: Ina Cingam Yake Zuwa Idan An Haɗiye Shi?

A garin Daura, da wuya mutum ya wuce mai tebur a bakin tasha ko a ƙofar makarantar firamare bai ga cingam a jere kusa da alawa da biskit ba. Yara suna saye, 'yan mata suna saye, direbobin da ke bin dogon zango zuwa Kano ko Katsina ma suna taunawa domin korar gyangyaɗi. Saboda haka kusan kowane gida an taɓa samun ranar da yaro ya shigo a firgice yana cewa, "Inna, na haɗiye cingam," uwa kuma ta dafe ƙirji ta ce masa ai shi ke nan, zai naɗe masa hanji. Haka aka faɗa mana muna yara, haka mu ma muke faɗa wa 'ya'yanmu. Turawa ma suna da irin tasu maganar, domin su cewa suke yi cingam yana shekara 7 a cikin mutum kafin ya fita. Duka maganganun biyu ba gaskiya ba ne, kuma wannan darasi zai bi cingam ɗin tun daga baki har inda yake ƙarewa, domin mai karatu ya gane dalili da kansa.

Da me ake yin cingam?

Sunan cingam kalmar aro ce daga Turanci, amma tauna danƙon itace tsohuwar al'ada ce da ta girmi Turawan da suka sa masa suna. Mu a nan mun san ƙaro, wanda ake tsinkowa daga jikin ɗakwara da danginta, yara su tauna, masu rubutun allo kuma su jiƙa shi a cikin tawada. A ƙasar Meziko da maƙwabtanta, mutanen da ake kira Maya sun daɗe suna tsaga jikin wata bishiya mai suna sapodila, su tara farin ruwan da ke fita, su dafa shi har ya yi kauri, sannan su tauna. Wannan danƙo ne wani mutumin Amurka mai suna Thomas Adams ya samu, ya so ya mayar da shi robar taya bai yi nasara ba, daga baya ya koma sayar da shi a matsayin abin taunawa, har ya yi rajistar injin sarrafa shi a 1871. Wani ɗan kasuwa kuma, William Wrigley, ya fara sana'ar sabulu a birnin Chicago a 1891, daga baya ya koma sayar da hodar da ke kumbura fulawa, yana ba da cingam gyara ga masu sayen kayansa, sai ya lura gyaran ya fi hajar farin jini, ya koma kansa gaba ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka rage dogaro da danƙon bishiya, suka koma haɗa nasu a masana'anta. Cingam na yau yana da sassa biyu. Sashe na farko shi ne sukari ko abin da ke maye gurbinsa, da ɗanɗano irin na na'a-na'a ko ayaba, da launi, da abin da ke sa shi laushi. Sashe na biyu shi ne danƙon kansa, wanda haɗi ne na roba mai tsabta da kakin zuma ko makamancinsa da wasu sinadarai. Wani nau'in robar ma dangi ne na wadda ake yin tub ɗin taya da ita, sai dai an tace ta yadda ba za ta cutar da baki ba. Idan mutum ya yi minti kaɗan yana taunawa zaƙin ya ƙare, to sashen farko ne miyau ya narkar ya tafi da shi ciki. Abin da ya rage a baki, mai salam ɗin nan, shi ne danƙon, kuma a kansa ne duk tsoron ya ta'allaƙa.

Tafiyar daga baki zuwa bayan gida

Idan aka haɗiye danƙon, yana bin maƙogwaro ya sauka cikin tumbi a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kamar kowace lomar tuwo. A tumbi akwai ruwa mai tsananin tsami da wasu sinadarai waɗanda aikinsu shi ne narkar da abinci, musamman nama da wake da ƙwai. Gaskiya ne cewa wannan ruwa ba ya iya narkar da danƙon cingam, kuma a nan ne masu maganar shekara 7 suka sami rabin gaskiya suka gina kuskure a kai. Rashin narkewar abu ba ya nufin zai zauna. Tumbi ba tulu ba ne da ake zuba ruwa a bari ya kwanta. Jaka ce ta tsoka wadda take matsawa tana saki, tana juya abinci, tana tura shi ta wata 'yar ƙofa da ke ƙasanta zuwa cikin hanji. Yawancin abinci yana barin tumbi cikin awa 2 zuwa 4. Bayan haka, lokacin da ciki ya zama wayam tsakanin cin abinci da cin abinci, tumbi yana yin wata matsa mai ƙarfi wadda ke share duk abin da ya saura bai narke ba, kamar yadda ake share tsakar gida bayan an gama sussuka. Ƙugin da ciki yake yi idan ana jin yunwa yana da nasaba da wannan shara, kuma ita ce ke fitar da cingam idan bai riga ya bi abinci ya wuce ba.

Daga nan sai ƙaramin hanji, wanda tsawonsa a jikin babban mutum ya kai kimanin mita 6, wato ya ɗan ɗara turmin atamfa mai yadi 6 idan aka warware shi. A nan ne jiki yake tsotse amfanin abinci ya shigar da shi cikin jini. Danƙon cingam ba shi da wani amfani da za a tsotsa, saboda haka hanji yana tura shi gaba kawai, da irin motsin nan na matsawa da saki, har ya kai babban hanji mai tsawon kusan mita 1 da rabi. A can jiki yake janye ruwa daga ragowar abinci, abin da ya saura ya dunƙule ya fita a bayan gida. Tafiyar gaba ɗaya takan ɗauki kwana 1 zuwa 3 ga mai lafiya.

Duk wanda ya yi renon yaro ya riga ya ga shaidar wannan da idonsa. Yaro yakan haɗiye ƙwallon magarya ko 'ya'yan kankana, ko ya ci dafaffiyar masara bai tauna sosai ba, washegari uwa ta gan su a cikin fo kamar yadda suka shiga. Jiki bai narkar da su ba, kuma bai riƙe su ba. Hanyar da suka bi ita ce cingam yake bi.

Saura batun liƙewa, wanda shi ne ya fi damun iyaye, domin kowa ya ga yadda cingam ke kama takalmi ko tabarma ko gashin yarinya har sai an sa almakashi. Amma a lura da abu ɗaya: mutum yakan yi awa guda yana tauna cingam, bai taɓa liƙe masa a harshe ko a kumatu ba. Dalili shi ne cingam busasshen wuri yake kamawa, baki kuwa a jiƙe yake da miyau. Haka cikin tumbi da hanji suke, a lulluɓe da wani ruwa mai yauƙi kamar na miyar kuɓewa, wanda ke sa komai ya zame ya wuce.

Wani ɗalibi zai iya cewa ai mahauta suna yanka saniya ko akuya su tarar da leda dunƙule a cikin tumbinta, kuma wannan gaskiya ne, duk wanda ya saba zuwa kwata ya sani. Sai dai cikin saniya daban yake da na mutum. Nata tumbin ɗaki huɗu ne, kuma ɗakin farko babban rumbu ne inda ciyawa ke jira a dawo da ita baki a yi tuƙa, ƙofar fita daga cikinsa kuwa sai abin da ya niƙu sosai take bari ya wuce. Leda mai faɗi ba ta niƙuwa, don haka take taruwa a can wata da watanni. Tumbin ɗan Adam ɗaki ɗaya ne, ɗan cingam guda kuma bai kai girman da zai gagari ƙofarsa ba.

Inda haɗarin yake

Ba a ce don haka a mayar da haɗiye cingam ɗabi'a ba. Idan yaro yana haɗiye da yawa kullum, musamman idan dama yana fama da taurin bayan gida, danƙon yana iya haɗuwa da juna ko da wasu abubuwa ya zama dunƙule ya toshe hanya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma likitoci sun gan shi. A 1998 wasu likitocin yara a jihar Florida ta Amurka sun ba da rahoton yara uku da hakan ta same su. Ɗaya yaro ne ɗan shekara 4 da rabi wanda yake haɗiye cingam 5 zuwa 7 a kowace rana, ya yi shekara 2 yana wahalar bayan gida, har sai da likitoci suka ciro dunƙulen. Wata kuma 'yar shekara 1 da rabi ce da ta haɗiye cingam tare da kwabbai 4, suka manne da juna suka tsaya mata a hanyar abinci. Wanda ya duba waɗannan labarai zai ga cewa yawa da maimaitawa da ƙarancin shekaru ne suka jawo matsalar, ba guda ɗaya da ya kuɓuce wa yaro wajen dariya ba.

Alamomin toshewar hanji su ne ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya lafawa, da kumburin ciki, da amai a kai a kai, musamman idan aman kore ne, da tsayawar bayan gida har iska ma ba ta fita. Wanda ya ga haka a jikin yaro ko babba, to asibiti zai nufa nan take, ko an haɗiye cingam ko ba a haɗiye ba. Idan kuwa yaro ya haɗiye guda ɗaya yana ta wasansa, ba ya buƙatar komai illa abincinsa da ruwan sha kamar kullum. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi kanwa ko maganin wankin ciki, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin aman dole yana iya sa abu ya faɗa hanyar iska, wanda ya fi haɗiyewar muni nesa ba kusa ba.

Hanyar iskar nan ita ce, a ganina, ya kamata iyaye su fi jin tsoro. A maƙogwaro hanya biyu ce, ɗaya ta abinci, ɗaya ta numfashi mai zuwa huhu, kuma ta ƙaramin yaro siririya ce ƙwarai. Yaron da ke gudu ko tsalle ko kuka da cingam a baki, ko wanda barci ya ɗauke shi bai tofar ba, yana iya shaƙewa. Saboda haka bai dace a ba yaron da bai kai shekara 5 ba cingam, sai ya yi wayon da zai gane cewa wannan abu taunawa ake yi a tofar. Yayyen da ake bar wa ƙanne su ma a ja musu kunne, domin sau da yawa daga bakin yaya cingam yake komawa bakin ƙaramin.

Idan yaro ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin, kada a ba shi ruwa, kada kuma a lalubi maƙogwaronsa da yatsa alhali ba a ganin abin. Idan ya kasa tari, ya kasa kuka, numfashi ya tsaya, sai a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu sau 5. In abin bai fito ba kuma yaron ya wuce shekara 1, a tsaya ta bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiyarsa, a ja ciki da sama da ƙarfi sau 5, a riƙa sauya wannan da wancan yayin da wani yake neman abin hawa. Jaririn da bai kai shekara ba ba a matsa masa ciki; kifa shi ake yi a kan hannu, kansa ya yi ƙasa, a buga bayansa, sannan a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu. A nan ya kamata a ambaci ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ake sa wa agogo da kayan wasa: shi idan yaro ya haɗiye, ba a jira, asibiti za a nufa ko da yaron yana wasa, domin yana iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2.

Akwai kuma cingam da ake rubuta wa cewa ba shi da sukari. Irinsa ya fi sauƙi ga haƙori, amma abin zaƙin da ake sa masa, wanda a jikin takardar ake rubuta shi sorbitol, hanji ba ya tsotse shi sosai, kuma idan ya yi yawa yana jawo ruwa cikin hanji ya sa kumburi da gudawa. Mai tauna fakiti bayan fakiti da ya ga cikinsa ya lalace, ya fara duba nan kafin ya zargi ruwan randa.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo mako mai zuwa da cingam guda a cikin takardarsa da ɗan ƙaro, malami kuma ya tanadi kofuna biyu na ruwa. Za a jefa ƙaron a kofi ɗaya, a jefa taunannen cingam a ɗayan, a ajiye su har a tashi daga darasi, sannan kowa ya rubuta jimla biyu a littafinsa game da abin da ya gani a kowane kofi. Bayan haka ɗalibai su gwada manna cingam ɗin a busasshen murfin kwano, su sake gwadawa a murfin da aka shafa wa ruwan kuɓewa, su rubuta wanne ya kama. Masu iya haɗa baƙi da sauri kuma su taimaki na kusa da su wajen karanta jerin kayan haɗin da ke bayan takardar, su nemo kalmar sukari ko sorbitol, su kwafe ta a ƙarƙashin jimlolinsu tare da ranar ƙarewar wa'adin da aka buga a jiki.