Darasi na 7: Jarka Nawa Ne Rabon Kowa a Ruwan Najeriya?

Toh jama'a, yau lissafin rabawa za mu yi, amma da ruwa za mu yi shi. Kowa ya san duro, wannan babban da ake tara ruwa a tsakar gida, yana cin lita 200. Duro biyar kenan lita 1,000, shi masu ilimin ruwa suke kira kubik mita ɗaya. In da jarkar 'yan ga-ruwa kuka fi ganewa, mai lita 25, to jarka 40 ce kubik mita ɗaya. Ku rubuta wannan a saman shafi don za mu yi ta komawa kansa.

Ruwan da muke magana a kai shi ne wanda yake sabuntawa duk shekara, wato na sama da ya sauko ya bi rafi da kogi, da wanda ya nutse ƙasa ya ciko rijiyoyi. Ban da ruwan teku, shi gishiri ne. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa abin da ƙasar Najeriya take samu daga cikin gidanta ya kai kubik mita biliyan 221 a shekara, in aka haɗa da wanda ke shigowa daga maƙwabta, kamar kogin Neja da ya taso tun daga Gini da Binuwai da ya fito daga Kamaru, sai ya zama biliyan 286. Mu dai na cikin gidan za mu yi aiki da shi.

A 1960, shekarar samun 'yanci, mutanen ƙasar wajen miliyan 45 ne. Raba biliyan 221 gida miliyan 45, kowa ya tashi da kubik mita kusan 4,900. Ƙidayar 1991 ta ba da miliyan 89, rabo ya dawo wajen 2,500. Ƙidayar 2006 miliyan 140, ya koma kusan 1,580. Yanzu kuwa ana ƙiyasin mun haura miliyan 220, don haka 1,000 ne da ƙyar.

Kun lura lambar sama ba ta motsa ba ko? Ta ƙasa ce ke ta hawa. Kamar gonar gado ce, kaka ya bar ta wa 'ya'ya biyar, yau jikoki ashirin da biyar ke jiran kaso, gonar tana nan yadda take amma kowa 'yan kunyoyi kaɗan zai samu. Wata masaniya 'yar ƙasar Suwidin, Malin Falkenmark, ita ta fito da ma'aunin da ake bi: in rabo ya yi ƙasa da 1,700 an fara shiga matsi, ƙasa da 1,000 ƙarancin ruwa ne, ƙasa da 500 kuwa abin ya yi tsanani. Ko da biliyan 286 ɗin muka raba, 1,300 za mu samu, mun dai riga mun shiga layin matsi.

Na san a nan wata Inna za ta ce malam tsaya, 1,000 ɗin nan ai lita miliyan ɗaya ce a shekara, wajen jarka 110 kullum, ni da jarka huɗu ma sai na yi ciniki da mai kura, ina sauran nawa? Gaskiyarki Inna. Lissafin bai ce ruwan zai zo ƙofar gidanki ba. Yawancinsa cikin 'yan watannin damina yake zubowa ya wuce a ambaliya ya gangara teku, kuma ba daidai yake sauka ba, Fatakwal tana samun sama da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato da Maiduguri kuwa 600 zuwa 700 ne in an yi damina mai kyau, ga rana da ke shanye shi. Sannan abincinki ma ruwa ne, kilo ɗaya na shinkafa tun daga shuka har girbi yakan sha kusan lita 2,500, jarka 100 kenan, kin ga rabon yini guda ya kusa tafiya a abin da bai cika kwano ba. Ga shanu, ga noman rani irin na Kadawa da ke dogaro da dam ɗin Tiga.

Shi ya sa ni ba na yarda da masu cewa a yi ta haƙa bohol shikenan an gama. Bohol ba ya haifar ruwa, zuƙowa yake daga wanda damina ta ajiye, in unguwa ta cika da su sai ka ga rijiyar maƙwabci ta ƙafe tun watan Maris.

Yanzu aikin gida. Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka a fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita ɗaya ne cif. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin 5, a garin da ake samun milimita 700, zai zubo da lita 35,000 a damina ɗaya, jarka 1,400, in dai akwai indararo da abin tarawa. Ku auna naku rufin, taku ɗaya babba ku ɗauke shi mita ɗaya, ku yi irin wannan lissafin. Sannan ku ƙirga jarka nawa gidanku ke sha a sati, ku raba da yawan mutanen gidan har da jarirai. Wanda rabawar ta ba shi wuya ya zo da lambobin haka nan, ma yi ta tare a kan allo.