Yadda ake haɗa gita mai tsirkiyar nailan da sono ba ta koma gwangwani ba

Kwanan baya wani yaro daga Bukoki ya kawo mini Yamaha C40 a cikin buhun shinkafa, jakinta, wato katakon da tsirkiya ke ɗaure a kai a fuskar gita, ya ɗaga ta baya har katin waya na shiga ƙarƙashi. Na ce, "Kai ƙane, me ka yi wa baiwar Allah?" Ya ce, "Wallahi Yaya, ba komai. Na sayi abin ɗaukar sauti bai kama ba, shi ne na ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe." Shi ne na uku da na gani da wannan aika-aika.

Abin ɗaukar sautin da ke jikin gitar lantarki, irin wadda su Bombino ke kaɗawa, maganaɗisu ne, ƙarfe yake ji. Nailan ba ruwansa da maganaɗisu. Ko tsirkiyoyi ukun nan masu kauri da kake gani suna ƙyalli, zaren nailan ne a ciki aka naɗe da jan ƙarfe mai rufin azurfa, shi ma maganaɗisu ba ya jansa. Tsirkiyar nailan shida tana jan jaki da nauyin wajen kilo 40, ta ƙarfe kuwa ta haura 70, kuma yawancin gitar nailan ba ta da sandar ƙarfe a cikin wuya. Ka ɗaura mata ƙarfe, ko jaki ya ɓalle ko wuya ya lanƙwashe. Abin da kake bukata sunansa piyezo, wani ɗan abu ne da ke fitar da lantarki idan an matsa shi ko an girgiza shi. Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano wannan a Faransa a 1880.

Da farko ka zaɓi irin da za ka sa. Akwai na mannawa a waje, mai kama da maɓallin riga, ana samunsa da araha. Yana ɗaukar ƙarar hannun rigarka da numfashinka fiye da kiɗan, ni dai ban ɗauke shi abin aiki ba. Akwai KNA NG-1 da ke zama a kan katakon da ake ɗaure tsirkiya, tsirkiyoyin ne ke riƙe shi, ba huda ba gam. In gitar aro ce ko mai tsada, nan za ka tsaya. Akwai K&K Pure Classic, ƴan faya-fayai huɗu da ake mannawa daga ciki daidai ƙarƙashin jaki, muryarsa ta fi kama da ta katako, amma sai mai siririn hannu da haƙuri. Sai na ƙarƙashin ƙashi, wato siririn tsinken da ake kwantarwa a ramin farin ƙashin nan da tsirkiya ke hawa. In wajen biki kake kiɗa, ga kalangu ga ganga ga mai waƙa na ihu a makirufo, wannan ne naka, don shi ya fi jure ƙara kafin lasifika ta fara kuka. Kafin ka aika a sayo maka, auna faɗin ramin. Fishman na yin sa iri biyu, milimita 2.3 da 3.2, kuma wanda ya yi wa ramin faɗi ba ya shiga ko da addu'a.

Huda biyu za ka yi. Ƙarama, kamar milimita 2.5, a ƙarshen ramin ƙashi ta gefen tsirkiya mai kauri, nan wayar za ta sauka. Babba, milimita 12, a gindin gita inda jak, wato ramin da ake cusa wayar lasifika, zai zauna. Liƙa salatif a wurin tukuna don kada fenti ya tsage, ka fara da siririn baki kana ƙara girma. Kada ka miƙa wa kafintan ƙofa da taga, hannunsa ya saba da katako mai taurin kai.

Yanzu ga inda na sha kashi, kuma inda kusan kowa ke shan kashi: gindin ƙashi.

Tsinken piyezo yana da kauri, don haka in ka mayar da ƙashi a kansa yadda yake, tsirkiya za ta ƙara tsawo daga wuya. Dole ka rage gindin ƙashin daidai kaurin tsinken. Ranar da na fara yi, na riƙe ƙashin a hannun hagu, sanfefa a dama, ina gogawa ina hira da masu shayi. A ido ya yi sumul. Na ɗaura tsirkiya, na jira kwana biyu ta zauna, na haɗa da ampli, sai tsirkiya ta ɗaya da ta shida suka yi tsit kamar an yi musu rasuwa, ta uku da ta huɗu kuma suna ta kururuwa. Na zagi piyezo, na zagi wanda ya sayo mini shi, har na ware jaka goma zan sake wani. Ashe ƙashin ne na goge ya yi tumbi, tsakiya ta fito, gefe biyu suka ɗage. Piyezo matsi yake ji, inda ƙashi bai danne shi ba babu sauti, ko ratar ba ta kai kaurin gashi ba.

Ga yadda ake yi. Samo gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ka manna sanfefa a kai, lamba 220 ta isa. Sanfefa ce ke zaune, ƙashi ne ke tafiya. Ja layi da fensir a jikin ƙashin iya inda za ka tsaya. Sannan ka shafe gindin gaba ɗaya da baƙin fensir, ka jingina ƙashin da wani katako mai kusurwa daidai don kada ya karkace, ka tura gefe guda, ka ɗaga, ka dawo, ka sake turawa. Ban da kai da komowa, shi ke kawo tumbi. Bayan turi biyar ka duba: in baƙin fensir ya goge ko'ina lokaci guda, kana kan hanya, in ya saura a wani wuri, nan ne rami. Ka riƙa juya ƙashin, gaba ya koma baya, don hannu yana da son kai, kullum ya fi danna gefe ɗaya. In ka gama, ɗora shi a kan rula ta ƙarfe ka ɗaga wajen hasken rana. Ka ga haske ya ratsa, koma kan gilashi.

Shi ma ramin ka share shi, ƙurar hunturu da ɓurɓushin huda na taruwa a ciki, ƙwaya ɗaya ta yashi ta isa ta kashe tsirkiya guda. Kuma ƙashin ya shiga ramin da yatsa ya fita da yatsa. In sai da filaya kake ciro shi, ya matse da yawa, bangon ramin ne ke riƙe shi, nauyin tsirkiya ba ya kaiwa ga piyezo. Wannan ya fi faruwa da damina, lokacin da katako ya sha raɓa ya kumbura. Ƙashin da ka daidaita a watan Maris yana iya cijewa a Agusta. Ɗan goge gefensa kaɗan. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan gita: wajen milimita 4 a mai kauri, 3 a siririya. Milimita 1 da ka cire a ƙashi rabin milimita ne a can, saboda haka kada ka yi ta ci da sanfefa har ƙashi ya nutse a jaki, tsirkiya ta rasa kwanar da za ta danna shi.

Sai maganar pirampili, wato ɗan akwatin da ke karɓar sautin piyezo ya gyara shi kafin ya shiga miksa, wanda mutane ke ɗauka kwalliya ce ta masu kuɗi. Piyezo yana son ya shiga ƙofa, wato ramin jak, mai juriyar om miliyan 1 zuwa 10 (om shi ne ma'aunin juriyar lantarki). Ramin jak na yawancin miksa bai wuce om dubu 10 ko kusa da haka ba, kuma in ka cusa shi kai tsaye, kaurin murya ne ke fara zubewa, a bar ka da ƙyas-ƙyas kamar ana kaɗa gwangwanin tumatir. Mai sono zai yi ta murɗa maɓallin bas, a banza, abin ya zube tun a bakin ƙofa. LR Baggs Para Acoustic DI yana da om miliyan 10, shi nake riƙewa, ga shi yana cin 48V daga miksa ta wayar XLR. Yana da tsada. In aljihu bai kai ba, Behringer ADI21 na fitar da kai kunya, in kuma abokinka mai gitar lantarki na da fedal ɗin Boss, ko na saita tsirkiya ne irin TU-3, ara ka sa a tsakani, ƙofarsa miliyan 1 ce ko an taka ko ba a taka ba. Miksar da ke da maɓalli mai rubutun Hi-Z ma ta wadatar. Wayar da ke tsakanin gita da pirampili kada ta wuce mita 3, doguwar ta biyo bayansa.

Saura kukan lasifika, wanda masu sono na Yamai ke kira larsen. Cikin gita yakan amsa a wajen 100 Hz, fuskarta kuma a wajen 200. Fara danna maɓallin juya fuskar sauti da ke jikin pirampili, sau da yawa shi kaɗai ya isa. In bai yi ba, rage waɗannan wurare biyu. Kada ka zauna gaban lasifika. Murfin roba na bakin gita yana taimako, amma ka auna, bakin gitar nailan wajen milimita 85 ne, murfin gitar ƙarfe kuwa na 100 ne, ba zai shiga ba. In kana jin gunji a ƙasa-ƙasa, musamman in an koma kan injin wuta, danna maɓallin cire ƙasa da ke jikin akwatin pirampili. Rage tsakiyar murya kaɗan tsakanin 1000 da 2000 Hz, a nan hancin piyezo yake.

In pirampilinka na cikin gita ne mai pil 9V, zare jak da zarar ka sauka daga dandali, don shigar jak ɗin ce ke kunna shi. Ka ajiye pil guda sabo a aljihun jakar, kuma kada ka bar gitar a bayan mota a rana ta watan Afrilu, gam ɗin jaki narkewa yake.