Daga sanyin Jos zuwa zufar Lokoja

Wanda ya yi ritaya ya baro Jos, mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, ya sauko Lokoja inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, zai tarar da zafi mai laima. Zufa ba ta bushewa a jiki, shi ya sa mutum ke jin ya galabaita ko yana zaune a inuwa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Ni dai kasuwa da tattaki duk ina gama su kafin ƙarfe goma, sai kuma bayan la'asar. Ka ajiye shadda mai sitaci don Juma'a, ka koma yadin auduga mara nauyi. Gidan da za ka kama, ka duba tagogi masu fuskantar juna da silin ƙarƙashin kwano, sannan ka tanadi fanka mai caji.

Ruwa kuwa, kada ka jira ƙishirwa, don mu tsofaffi ba ma jin ta da wuri. In fitsarinka ya yi duhu, ka ƙara sha. Mai shan maganin hawan jini da ke sa yawan fitsari ya tuntuɓi likita tun kafin zafi ya kankama. Jiri ko ruɗewa kuma, a jiƙa jiki da ruwa a nufi asibiti nan take.